Tsagar Gidanmu a Bakin Dattijuwa

Ranar wata Alhamis ce cikin bazarar 1997, wata shida ke nan da aka ba mu jihar Zamfara, kakata Inna Kulu ta hau bakin rijiyar ƙauyenmu ta zauna, ta zura ƙafafunta biyu a ciki. Shekarata goma a lokacin, ina tsaye a bayanta da guga da naɗin igiya. Ga amalanken shanu biyu shaƙe da jar ƙasa da duwatsu, ga samari riƙe da shebur, ga maigari da mutanensa, ga kuma wani baƙo mai farar riga da ya zo a kan babur daga Bungudu. Sun zo ne su cike rijiyar, su shafe ta kamar ba a taɓa haƙa ta ba. Inna ta gyara ɗaurin kallabinta, ta dubi mai shebur na farko, wanda ita ta yanke masa cibiya ranar da aka haife shi, ta ce, "Zuba mana. Amma hwa ka hwara da ni, don ba ni tashi." Yaron ya sunkuyar da kai, ya ja da baya.

Dattijuwa muke ce wa wannan rijiya, don babu mai rai a ƙauyen da ya ga haƙarta. Tana gabas da gari, gefen hanyar da ke fita zuwa Karakkai, ƙarƙashin wata tsamiya. Zurfinta gaba goma sha biyu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya ga ta ƙafe ba. An kewaye bakinta da manyan itatuwan kirya guda huɗu, sun yi baƙi sun yi santsi saboda daɗewa. A jikin itatuwan nan igiya ta ci wuri-wuri, ta yi ramuka masu zurfin da yatsa zai shige. Mu tsaga muke kiransu, kamar tsagar fuska, domin kowane gida da tasa. Tsagar gidanmu ita ce ta uku daga kusurwar da ke duban tsamiya. A nan uwar mijin Inna ta ja ruwa, a nan Inna ta ja, a nan aka kama hannuna aka koya mini sakin igiya ba tare da ta ƙone mini tafi ba. In amarya ta tare, uwar mijinta ce za ta raka ta bakin Dattijuwa ta nuna mata tsagarsu kafin ma ta san inda turmi yake. In kuwa yarinya ta yi kuskure ta sa igiya a tsagar wani gida, ranar ta shiga uku da tsiya, har a makarantar allo sai an tambaye ta ko ta sauya uba ne.

Rabin ƙuruciyata a nan na yi ta. Da hantsi mu je da tuluna, mu jera su bisa layi, mu zauna muna carafke da 'ya'yan tsamiya har layi ya zo kanmu. Da la'asar garken shanu su sauko, a cika musu kwami, mu kuma mu koma gefe muna gaɗa har sai an aiko a kore mu. Kowace shekara kafin ruwan shuka a yi yasa: a zura fitila a gani ko za ta mutu, in ba ta mutu ba sai maza su ɗaure mutum ɗaya da igiya ya sauka ya kwashe laka, mata suna dama fura a gindin tsamiya. Abin da ba ya fitowa daga cikin lakar nan babu: tsofaffin guguna, ƙugiya, ɗan kunnen wata da ta daɗe da rasuwa, har da allon wani yayana da ya rantse an sace masa.

Sai aka kawo mana famfon tuƙa-tuƙa, aka kafa shi kusa da makarantar boko. Ba zan ɓoye ba, ni ma na so famfon nan kamar in haɗiye shi. Babu igiya, babu bororo a hannu, ka danna ƙarfe kawai ruwa ya zubo fari tas. Mukan yi lilo da hannunsa mu uku mu huɗu muna ihu. Cikin wata biyu kowa ya juya wa Dattijuwa baya. Aka tsallake yasar shekarar, ganyen tsamiya ya yi ta zuba ba mai kwashewa, yara suka mayar da ita wurin gwada jifa, daga baya wani ɗan akuya ya faɗa ciki aka kwana uku ba a sani ba. Ko Inna ma, da ciwon baya ya matsa mata, ta sakar mini ɗiban ruwa, ni kuwa famfo nake zuwa. Da yara biyu na wani gida da ke kusa da rijiyar suka kwanta da amai da gudawa, sai aka kai magana Bungudu. Duba-gari ya zo ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce ko a gyara ko a rufe. Maigari ya ga rufewa ta fi sauƙi, shi ya sa aka wayi gari da amalanken ƙasa.

Baƙon mai farar riga shi ne duba-garin, Malam Bitrus, mutumin kudancin Kaduna ne amma Hausa a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Da maigari ya gaji da cewa, "Haba Inna, sauko don Allah, kada ki ba mu kunya gaban baƙo," sai Malam Bitrus ya matso, ya durƙusa, ya gaishe ta. Ya ce, "Inna, ruwan nan ya lalace. Yara biyu sun kusa mutuwa. Ni ba zan iya barin mutane su sha wannan ba." Inna ta ce, "Ba ka yi ƙarya ba, Malam, ta yi wari. Amma mu munka ɓata ta, har da ni. Rijiya sai da ja. In anka bar jan ta, idonta ya toshe, ruwa ya kwanta ya ruɓe. Ciwo gare ta, ba mutuwa ta yi ba. Ku garinku bizne marar lahiya kukan yi?" Wasu suka ƙyalƙyale da dariya, maigari ya harare su. Malam Bitrus bai yi dariya ba. Ya ce ya ba ta kwana arba'in. A yashe rijiyar, a yi ta jan ta, amma kada kowa ya sha. Ranar da ya dawo, in ruwan bai yi ba, da hannunsa zai zuba shebur na farko, kuma ko tana zaune a kai sai an ɗauke ta. Inna ta ce ta ji. Aka juye ƙasar da duwatsun a gefe, aka bar su nan tsibi guda, kullum muna kallonsu.

Babu wanda ya yarda ya sauka yasa sai Babana, shi ma don ba shi da yadda zai yi da uwarsa ne. Kwana biyu yana fito da baƙar laka mai ɗoyi, ƙannensa suna ja, suna tofar da yawu suna ƙunƙuni. Da aka gama suka wanke hannu suka koma sharar gona, suka ce sauran aikin na wadda ta ɗauko ne. Sauran aikin kuwa shi ne guga arba'in kowace safiya, a jawo a zubar a gindin tsamiya, don tsohon ruwa ya fita sabo ya tsattsafo. Inna ta ja biyar ta dafa ƙugu ta huta, ni in ja goma. Kafin mako ya zagayo tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Kullum sai na makara a makaranta, kullum sai na sha bulala a gaban aji. 'Yan mata in sun wuce mu da bokitansu za su famfo, sai su yi ta taɓa juna suna cewa ga masu shayar da tsamiya. Wani dattijo mai baki ya tsaya da jakinsa ya ce, "Kulu, tsamiyag ga ta gode, ta ce a ƙara mata da hura." Inna ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce masa ya wuce kada jakinsa ya ji ya raina shi.

Na tsani aikin nan, kuma na fara jin haushin Inna. Ina ganin taurin kai ne kawai na tsufa, ni kuma aka ɗora wa wahalarsa. Ana cikin kwana na goma sha wani abu zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta kira ni bakin gadonta ta ce, "Ƙawata, yau ke ɗai za ki. Ko ashirin kinka samu, ki ja. Kada ki bari ta wuni ba a taɓa ta ba." Na ce to. Na ɗauki guga da igiya na fita, na ɓoye su a bayan rumbu, na wuce famfo wajen ƙawayena na sha lilona. Da zan dawo na tsoma gugan a ruwan famfo don ya jiƙe, na shiga ɗakinta ina nishi kamar wadda ta yi aiki, na ce na ja talatin. Kwana uku ina haka.

Ran na ukun ta ce in miƙo mata igiyar. Ta shafa ta tun daga bakin guga har ƙarshe, a hankali, kamar mai laluben ƙaya. Gugan a jiƙe yake, amma igiyar a bushe ƙamas, ban yi wayon jiƙa ta ba. Ban san me na zata ba, duka ko zagi, na dai tsaya ina jira. Ta tashi da ƙyar, ta yafa mayafi, ta ɗauki gugan ta fita tana dafa bango. Na bi ta a baya ina kuka ina cewa ta koma, ni zan je. Ko waiwayowa ba ta yi ba. A bakin rijiya ta sa igiya a tsagarmu, jikinta yana rawar ɗari da rana tsaka, ta jawo guga ɗaya, ta jawo na biyu, a na uku igiyar ta suɓuce ta ƙone mata tafi, ta zauna daɓas a ƙasa. Sai a lokacin ta dube ni, ta ce, "Ni ba ni da sauran shekaru da yawa na shan ruwa, ƙawata. Ba don kaina nika yi ba." Kunyar da na ji a ranar har yau ban sake jin irinta ba. Na kama ta muka koma gida, na dawo ni kaɗai na ja har hannuna ya yi jini, kuma ban kai arba'in ba. A nan na gane ni kaɗai ba zan iya ba.

Ina zaune a kan kiryar ina hura tafin hannuna sai idona ya faɗa kan sauran tsagogin. Tamu kaɗai ke ƙyalli. Sauran duk ƙasa ta cika su, wasu gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, a ta gidan maigari ma zanzaro ya yi gini. Washegari a makaranta, lokacin hutun tara, na samu Rabi jikar maigari, wadda ta fi kowa yi mini dariya, na ce mata a gaban mutane, "Rabi, ashe gidanku ya mutu? Na ga zanzaro ya gaje tsagarku." Ta yi tsalle ta ce uban wa ya mutu. Na ce ta je ta gani. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, na gaya wa kowace abin da na gani a tsagar gidansu, inda babu komai ma na ƙara gishiri. Da aka tashi, maimakon famfo sai ga mu a bakin Dattijuwa mu wajen tara. Rabi ta sa tsinke ta rushe ginin zanzaron tana huci, ta fizge gugan daga hannuna ta ce in matsa in ga yadda 'yan gidan sarauta ke jan ruwa. Ta ja bakwai don dai ta fi ni. Wata ta ce ai gidansu ba a bar su a baya ba, ta ja takwas.

Daga ranar abin ya zama gasa. Kowace ta ɗauko gugan gidansu daga inda aka jefar da shi, mu haɗu kafin a buga ƙararrawa, mu ja muna ƙirgawa da tafi. Arba'in ta zama wasa, wata rana sai mu ninka. Iyaye mata suka fara leƙowa wai sun zo kiran 'ya'yansu, sai ka ga mace ta karɓi igiya tana cewa ba haka ake yi ba, ta ja biyar kafin ta tuna ta bar tukunya a kan wuta. Da Inna ta samu sauƙi aka kawo mata tabarma gindin tsamiya, ta zauna tana ba da umarni kamar ita ta haifi garin. Ruwan ya tashi daga baƙi ya koma ja, daga ja ya koma kamar ƙasarin gero, wata safiya kuma Rabi ta leƙa guga ta ce tana ganin haƙoranta a ciki.

Malam Bitrus ya cika alkawari, ya dawo ranar da ya ce. Ya sa aka jawo, ya zuba a farin kwano ya duba, ya sansana, ya ɗiba a kwalba ya tafi da shi. Bayan kwanaki ya sake dawowa ya ce Dattijuwa ta tsira, amma da sharaɗi. Za a zuba mata maganin ruwa, a yi mata murfi, a dafe kewayenta da siminti, a matsar da kwamin shanu nesa. Kuma daga yau guga ɗaya ne na kowa da kowa, a rataye shi a kan sanda, ba kowane gida ya jawo nasa ta cikin taɓo da kashin awaki ya tsoma ba. Wannan na guga ɗaya ya yi wa Inna ɗaci, don gugan gidanmu na ƙwarya ne da ta ɗinke da hannunta. Ta yi gardama har ta gaji, Malam Bitrus ya tuna mata yaran nan biyu, sai ta ce gaskiyarsa. Amma da magini ya sa ƙarfe zai ɓanɓare itatuwan kirya don ya zuba siminti a gurbinsu, sai ta miƙe. Ta ce, "Guga na bar muku. Wanga icce kuwa, wanda ya taɓa shi ya taɓa ni." Malam Bitrus ya yi murmushi ya ce wa magini ya yi gininsa ta bayan itacen. Haka aka yi, guga ɗaya, igiya ɗaya, amma kowa ya zo sai ya ɗora ta a tsagar gidansu. Ƙasar nan da duwatsun da aka kawo don a binne ta, da su aka yi mata daɓe. Shekara biyu bayan nan famfo ya lalace ana tsakiyar bazara, aka yi makonni ana jiran kayan gyara daga Gusau, kuma babu wanda ya kwana da ƙishirwa a ƙauyenmu. Inna ba ta yi wa kowa gori ba, ta dai sa baki a yi maza a gyara famfon, don a cewarta gari ba ya zama da ido ɗaya.

Yau ina koyarwa a Gusau. Inna ta daɗe da rasuwa. Ruwan da nake sha 'yan garuwa ne ke turo mini shi a kura, ban san daga inda aka ɗebo shi ba, ina dai tafasawa in yi bisimilla. Na zauna a Tsafe shekara uku, na ga tsofaffin rijiyoyi da aka mayar da su juji, na ga wadda aka dafe bakinta aka kafa shago a kai. Bara ƙanena ya kira ni a waya ya ce za a yi wa ƙauye burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki da kawunan famfo, kuma wasu na cewa tunda haka ne a rufe Dattijuwa a huta. Hanyarmu ba kamar da ba ce, sai an yi tambaya kafin a kama ta, amma na shiga mota da 'yata Kulu muka tafi. Na gaya wa masu wannan magana cewa burtsatse alheri ne, ina murna da shi, in ana neman mai ɗaukar bulo a ka ma ga ni. Amma na ce musu duk ranar da aka kawo amalanken ƙasa bakin Dattijuwa, a aiko mini, na san inda ake zama.

Da safe na je bakinta. Murfin yana nan, gugan yana rataye, ƙanena da Rabi da wasu gidaje uku ba su bar jan ta ba. Amma tsagogi da yawa sun cika da ƙasa, wasu na gidajen da rashin kwanciyar hankali ya kora birni ne, wasu na waɗanda suka tafi neman abinci irina. Da can a wannan lokaci ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniyar tuluna da tafi, yanzu kuwa har faɗuwar ɗan tsamiya ana ji. Na sa tsinke na bi su ɗaya bayan ɗaya na share, ina kiran sunan kowane gida, Kulu tana bina tana tambaya su wane ne. Sannan na ɗora igiya a ta uku daga kusurwa. Na ja goma sha bakwai bayana ya ce ya isa. Kulu, wadda ba ta taɓa riƙe igiyar rijiya ba, ta karɓa. Na kama hannunta na nuna mata yadda ake saki. Ta ja uku, ta duba tafinta da ya yi ja, ta ce, "Mama, saura nawa?" Na ce saura ashirin. Ta tofa yawu a hannu, ta gyara tsayuwa, ta mayar da igiyar cikin tsagarmu ba tare da na nuna mata ba.

Muddin akwai mai ja, Dattijuwa ba ta binnuwa.